Farcen Mahauci a Kan Allon Severin

Finland, 18 ga Nuwamba

Yaya Burgi,

Yau shekara uku da wata goma rabona da kwarinmu, don haka gaisuwar ta taru da yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Kin ce har yanzu yana lallaɓawa zuwa teburin kusa da murhu a gidan abincinki kowace Lahadi in an taso daga coci. Ki gaya masa ya riƙa riƙe sanda. Ba abin kunya ba ne ga mai shekara tamanin da ɗaya.

Ni ina can arewa, inda rana ke leƙowa kamar wadda aka tilasta, ta koma kafin ka gama cin abinci. Ɗakin aikina a ƙarƙashin ƙasa yake kamar kullum, daga ni sai allunan ski, na zamiya a kan ƙanƙara, da magagari da ƙaurin kaki. Torjus, ɗan Norway ɗin da nake gyara wa alluna, ya zo na goma sha takwas a silalom ɗin jiya, wato gasar gangarowa daga dutse ana kewaya sanduna. Ba shi da surutu, ba shi da ƙungiyar magoya baya. Ko don wannan kaɗai ina son sa.

Na karanta abin da kika rubuto na hirar teburin naki. Ashe har yanzu Gidi mahauci ne shugaban magoya bayan Severin, ɗan wasan kwarinmu da nake gyara wa alluna a da, kuma Malam Kajetan na nan yana lissafin maki a bayan takardar ɗora kofin giya. Kin ce Gidi ya buga tebur ya ce, "Na ashirin da bakwai a jerin 'yan wasa? Yaron da ya taɓa zama na huɗu a duniya? Ku miƙo min allunan nan da dutsen washina ku sha kallo." Malam ya ce masa, "Kai da rabonka da gangara tun kana iya hango ƙafafunka." Na yi dariya ni kaɗai, sannan raina ya ɓaci, don na san bayan dariyar sunan wa aka kira.

Tunda suna son ra'ayi, ga nawa, ko da yake ba wanda ya tambaya. Na kalli Severin jiya. Ya zo na ashirin da huɗu. A wurin da dutsen ya fi tsayuwa, mutum biyu kacal suka fi shi sauri, kuma har gobe ban ga wanda ke kwantar da jiki tsakanin sanduna kamarsa ba. A shimfiɗe ne yake zubar da lokaci, don gwiwar mai shekara talatin da uku ba ta tura allo kamar ta ɗan ashirin da biyu. Wannan ba laifin kowa ba ne. Lissafin Malam kuwa daidai ne. In ya faɗo ƙasa da na talatin a jerin duniya, sai mutum talatin sun huɗe hanya kamar gonar dankali kafin a ba shi dama, kuma hukumar wasan ta riga ta gaya masa ba ta da gurbin tsohon da ba ya cikin talatin.

Kin ce in zo Kirsimeti. Yaya, kin san ba zan iya ba. Ke kina bayan kanta ranar, ba ki gani ba, ni kuwa ina tsaye a wurin. Gasar gida, Severin na kan gaba bayan sauka ta farko, rabin kwarinmu na ƙasa da ƙararrawar shanu. A sauka ta biyu ya zame a tsakiyar gangara kamar wanda ya taka sabulu. Da ya sauko ya jingine allunan a shinge, Gidi ya miƙa hannu ya goga farcen babban yatsansa a bakin ƙarfen, ya juya ya ce wa jama'a, "Ko man shanu wannan ba zai yanka ba. Kassian ya ba yaronmu cokali." Kafin sati ya zagayo an daina amsa gaisuwata a gidan burodi. Mutanen da na gyara wa allunan 'ya'yansu kyauta shekara ashirin.

Akwai abin da ban faɗa ba a kan ranar nan, kuma ba zan faɗa ba. Maganar da aka yi a ɗakin alluna, a ɗakin alluna take kwana. Haka Baba ya koya min aikin.

Ki gaida shi, ki gaida yara.

Ƙaninki,
Kassian


Switzerland, 27 ga Janairu

Yaya Burgi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin bana bai taɓa ƙirjin Baba ba. Cukun da kika aiko ya iso, na gode. Na ci rabi, na ɓoye rabi.

Labari biyu gare ni. Na farko, Torjus ya tsinke jijiyar gwiwa wajen atisaye, an kai shi gida, ba zai sake hawa allo ba bana. Na biyu kin riga kin ji rabinsa a teburinki: Severin ya kasa kai ƙarshen hanya a gasa uku a jere, ya koma na talatin da ɗaya, mai gyara masa alluna kuma ya bi wani ɗan ashirin da ɗaya da ke tashe.

Ranar Talata da la'asar ina tattara kayana sai na ji an tsaya a ƙofa. Severin ne. Shekara huɗu muna haɗuwa a gindin dutse, kowa na duban takalminsa. Ya rame, Yaya. Ya ɗauki allo ɗaya na Torjus yana jujjuyawa, ya ce, "Kawu Kassian, har yanzu hannunka na nan." Na ce, "Cokali ne, yi hankali kar ya yanke ka." Bai yi dariya ba. Ya ce saura gasa uku, in ban taimake shi ba ya gama.

Yanzu zan gaya miki abin da na ce ba zan faɗa ba, don na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ki karanta ki jefa a murhu.

Ranar gasar gida, iskar kudu ta taso tun safe, ƙanƙara ta fara laushi. A irin wannan hanya allo mai kaifi sosai yakan cafke, ya juya mutum inda bai nufa ba, don haka akan ɗan dakusar da bakin. Severin ya shigo tsakanin sauka biyu ya ce in dakusar. Na ce masa, "Kai ne za ka tashi ƙarshe. Kafin lokacin rana ta faɗa bayan dutse, hanya za ta koma gilashi. Bar su da kaifinsu." Ya ce shi ke kan allo ba ni ba. Sau uku ina faɗa. A na huɗu na ɗauki dutsen washi na yi abin da ya ce, don aikina ke nan. Rana ta faɗa bayan dutse minti goma kafin ya tashi.

Yana tsaye kusa da Gidi lokacin da aka ce cokali. Ya ji. Bai buɗe baki ba.

Na daɗe ina tsine masa a raina. Amma in za a faɗi gaskiya, mutum ne da ya zubar da nasarar rayuwarsa a gaban uwarsa da ubansa, ga mutum ɗari uku na neman wanda za su ci, aka nuna musu wani. Ban sani ba ko ni da zan ce, a'a, ni ne, ku ci ni. Laifi tudu ne.

Na tambaye shi ko zai gaya musu. Ya ce in ya koma cikin talatin zai tsaya a kan teburinki ya faɗa da bakinsa. Na san alkawarin mai nutsewa ne, amma na karɓa. Gidi ma ya aiko saƙo ta wayar Severin, wai "A gaya wa Kassian in ya gyara abin da ya ɓata, kujerarsa na nan." Kin ji fa. Abin da na ɓata.

Duk da haka na amsa. Ba don Gidi ba. Ina so in shiga coci ranar Ista ba tare da an matsa gefe a benci ba. Ina so in zauna kusa da Baba mu sha miyar sha'ir, ya gaya min na riƙe magagari a karkace. Shekarata hamsin da shida, na gaji da gadajen haya.

Kar ki gaya wa Baba tukuna. In ta yiwu, gara ya gan ni a ƙofa.

Ƙaninki,
Kassian


Slovenia, 10 ga Maris

Yaya Burgi,

Ina gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya. Na san motar magoya baya ta riga wasiƙar nan isowa, kuma kin ji labarin a bakin mutum arba'in. Ga shi a bakin wanda ya riƙe allunan.

Kin san ya zo na goma sha tara, sannan na goma sha shida a gasa biyun da suka wuce. Malam Kajetan ya lissafa, ni ma na lissafa, muka dace: in ya zo na goma sha ɗaya jiya ya tsira.

Gari ya waye da ɗumi kamar watan Mayu. Ruwa na bin gefen hanya, ma'aikata na watsa gishiri don ƙanƙarar ta ɗaure. Na shirya alluna kashi biyu kamar yadda na saba, ɗaya na ɗan dakusar, ɗaya mai kaifi na ajiye ko da gari zai juya. Ya hau kashi na farko. Yaya, da kin gan shi. Da lamba talatin da biyu a ƙirji, cikin ramukan da wasu suka haƙa, ya zo na tara. Ni da ba na ihu sai da na ji muryata.

Tsakanin sauka biyu akwai awa uku. Na jera allunan a bayan tantin 'yan wasa, kusa da shinge, na juya ina haɗa abin sha. Kuskurena ke nan, kuma na yarda nawa ne. Shekara talatin ina aikin nan, na san ba a ajiye allo inda hannun ɗan kallo zai kai.

Sun zo gaishe shi, su goma sha wani abu, da ƙararrawa da tuta da ƙamshin barasar tuffa. Malam na cewa, "Ɗana, kar ka yi wauta, ka sauko lafiya kawai, ko biyu sun wuce ka mun tsira." Wani na cewa, "Wane irin sauko lafiya, ɗigo arba'in ne, ko rabin daƙiƙa bai kai ba, tsakaninsa da na uku, ya je ya ɗauko." Gidi ya ba ni hannu, karo na farko cikin shekara huɗu, ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Da an wasa allo, yaro zai tashi." Sannan ya miƙa hannu ta kan shinge ya goga farcensa a bakin allon da Severin ya zo na tara da shi.

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya sake gogawa. Ya goga a na ajiya, farcen ya feru. Ya ce, ba da ƙarfi ba ma, "Severin, zo ka taɓa. Cokalin ne ya dawo. Ga wuƙa nan a jingine, ya ba ka cokali."

Na ce, "Gidi, da cokalin ya zo na tara."

Ya ce, "Da wuƙa da na ɗaya ya zo. Shekara arba'in ina wasa ƙarfe, ba za ka koya min kaifi ba."

Na ce, "Naman da kake yankawa ba ya narkewa a rana."

Aka yi dariya, har da Malam. Na ɗauka magana ta mutu. Amma na dubi Severin na ga ba ya tare da mu. Idonsa na kan allunan.

A can sama, saura mutum shida ya tashi, ya ce min, "Kawu, ba ni masu kaifin." Na ce masa ya dubi rana, tana tsakiyar sama, ba dutsen da za ta faɗa baya. Na ce ya dubi yadda ƙanƙara ke tashi a bayan waɗanda suka tafi, kamar dambu. Ya ce, "In na faɗi da masu kaifi, faɗuwa ce kawai. In na faɗi da waɗancan, ba ni ba kai a kwarinmu har abada." Na ce to kar ka faɗi. Ya ce, "Ba ni."

Sau uku na faɗa, kamar wancan karon. Na durƙusa na ɗaura masa.

A wurin auna lokaci na farko a kan hanya yana gaba. A na biyu yana gaba da rabin daƙiƙa. Ina kallo a ƙaramar talabijin da ke wurin tashi, ina ganin yadda bakin ke cafkewa yana ƙwacewa da ƙarfin tsiya, sau ɗaya, sau biyu. Saura sanda bakwai ya gama, allon hagu ya cafke ya shige ciki, sanda ta ratsa tsakanin ƙafafunsa, abin da ke fitar da mutum daga gasa. Ko faɗuwa bai yi ba. Ya miƙe tsaye ya gangara a hankali har ƙasa. Ƙararrawar ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

Ya ƙare shekarar yana na talatin da uku a jerin duniya. Lokacin wanda ya zo na goma sha ɗaya, da ƙafa ɗaya Severin zai iya yin sa.

Ban sauka wurinsu ba. Na bi ta bayan dutse da kayana. Ki cire zanen gadon da kika ce kin shimfiɗa min.

Ƙaninki,
Kassian


Oslo, 14 ga Afrilu

Yaya Burgi,

Gaisuwa da fatan kun yi Ista lafiya. Yaya Baba, yaya yara? Na zo nan mayar wa Torjus allunansa. Ya fara takawa ba sanda.

Wasiƙarki ta same ni, na karanta ta sau uku. Ban zaci Severin zai yi ba. Alkawarinsa na in ya tsira ne, bai tsira ba, ba wanda zai kama shi. Amma kin ce ya shigo ranar Lahadi wurin ya cika, bai cire hula ba, ya faɗi duka biyun, na shekara huɗu da na bana, ya ce sau uku-uku na gargaɗe shi. Kin ce Baba ya ajiye cokalinsa ya ce, "Na sani. Ɗana ba ya dakusar da allo sai an ce masa," ya ci gaba da shan miya. Wannan layin shi na fi karantawa.

Da wasiƙar ta tsaya nan da yanzu ina cikin jirgin ƙasa. Amma ke mai gaskiya ce, kin rubuta sauran.

Kin ce kafin ya kai ƙofa Gidi ya ce, "Ashe shekara goma sha biyu muna bin matsoraci da ƙararrawa." Kin ce an sauke hotonsa daga bango, Malam ya zauna ya lissafa musu yawan nasarorin da zai ci da yana jin magana, wai bakwai. An daina amsa gaisuwar uwarsa a gidan burodi. Ubansa, wanda ya fi shekara talatin yana zama a teburin nan, bai sake zuwa ba. Ba wanda ya ambaci farce. Har sun fara maganar 'yar gidan mai injin katako da ta ci gasar matasa, wai ita ce mai zuwa, za a sake rubuta tuta.

Sannan Gidi ya ce ki gaya min in dawo, shi bai taɓa shakkar hannuna ba, ga kujera ta samu kusa da murhu. Yaya, na san teburin nan. Kujera takwas ce. Wadda ta samu ta uban Severin ce.

Ba zan zauna a kanta ba. In na zo yanzu, za a cika min kofi a ce in ba da labarin yadda ya ƙi jin magana, kuma na san kaina, shekara huɗu na ɗaci na cikina, zan bayar. Zan ji daɗinsa ma. Mutumin ya cuce ni sau ɗaya, gaskiya ne. Amma na biyun don ni ya yi rabinsa, kuma abin da ya yi ranar Lahadi ba kowa a teburin nan zai iya ba. Ya zama na huɗu a duniya a abin da dukanmu muke yi tun muna shekara uku. Gidi ko a kwarinmu bai taɓa zama na huɗu ba.

Ba na cewa mugaye ne. Sun bi shi Finland a mota, sun kwana a tasha, sun yi kuka ranar da ya fara hawa dandamali. Son ne ya yi musu yawa har suka ɗauka su ke kan allon.

Na sa hannu da wata ƙungiya da za ta yi atisaye a Chile daga Yuni zuwa Satumba. Kafin nan jirgina zai tsaya a Innsbruck ranar bakwai ga Mayu, awa huɗu. In ƙafar Baba za ta jure mota, ki kawo shi tasha. Ki zo da miyar a kwano mai murfi. Kar ki gaya wa kowa a teburin. In kin haɗu da uwar Severin a gidan burodi, ki gaishe ta da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji.

Kin tambaye ni me na tara a shekarun nan da zan nuna. Na duba ɗakin, ga shi. Akwatin kayan aiki biyu. Magagari goma sha tara, shida sun cinye. Rigar sanyi uku masu tutar ƙasashen da ba nawa ba. Yatsu tara masu lanƙwasuwa, na goman ya ƙage tun bara. Wasiƙunki talatin da ɗaya. Sai allo kashi ɗaya da ya zo na tara a Slovenia, ba wanda ya zo karɓa.

Ki gaida Baba.

Ƙaninki,
Kassian